Nazarin Lamari: Tallafin Ban-Ruwa a Kwarin da Rijiyoyinsa Ke Ƙafewa

Asalin lamarin

Wannan nazari ya bi diddigin wata ƙungiyar manoman rani mai mambobi 40, waɗanda ke noma hekta 60 a cikin wani kwari da ruwan samansa bai cika wuce milimita 400 a shekara ba, kuma kusan dukkansa a cikin wata uku yake sauka. An sakaya sunan wurin da na mutanensa. Shekarun da za a ambata an ƙirga su ne daga shekarar da ƙungiyar ta fara neman tallafi, awon kuwa an ɗauko shi daga littafin da magatakardanta ya riƙa cikewa da rahotannin da aka aika wa masu bayar da kuɗin.

Ƙoramar da ta ratsa kwarin ba ta gudana sai an yi ruwa, kuma bayan kwana biyu ko uku sai ta koma yashi. Saboda haka duk abin da aka shuka bayan ɗaukewar damina da ruwan ƙarƙashin ƙasa yake rayuwa, ta rijiyoyi 26, wasu na haƙar hannu, wasu na burtsatse. Injinan mai ne ke jawo ruwan, a sake shi ya bi tsakanin kunya ko ya cika fangali, sai ƙasa ta sha ta ƙoshi sannan a toshe a buɗe wa na gaba.

A tsakiyar kwarin akwai wata tsohuwar rijiya da aka daina ɗiba, kuma wani dattijo daga cikin mambobin ya ɗauki al'adar auna ta a ƙarshen kowace damina. Igiya yake zurawa, wadda ya ƙulla a kan kowace mita, da ɗan guntun ƙarfe a bakinta. Idan ya ji ƙarfen ya taɓa ruwa sai ya danne igiyar da babban yatsa a bakin rijiyar, ya jawo, ya ƙirga ƙulle-ƙullen, ragowar ya auna da awon tela. Shekara 10 kafin neman tallafi, a mita 14 ƙarfen ke samun ruwa. A shekarar da aka nema, sai da igiyar ta sauka mita 21. Wato ruwan yana janyewa da kimanin santimita 70 a kowace shekara, kuma manoman sun riga sun ji hakan a jikinsu, domin man da injin ke sha yana ƙaruwa, ruwan da yake fitarwa kuma yana raguwa.

Shekara ta 1: neman tallafi

Malamin gonan yankin ne ya kawo labarin cewa wata hukuma tana bayar da tallafin alkinta ruwa ga manoman yankuna masu ƙarancin ruwan sama. Dalilin irin wannan tallafi sananne ne. Noma ne ke cin kusan kashi 70 cikin 100 na ruwan da ake ɗiba daga koguna da tafkuna da ƙarƙashin ƙasa a duniya, kuma alƙaluman da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ke koyarwa da su sun nuna cewa a ban-ruwan kunya kimanin kashi 60 na ruwan ne ke amfanar shuka, a na yayyafi kashi 75, a na ɗigo kuwa kashi 90. Duk wanda ya dubi waɗannan alƙaluma zai ga kamar da zarar an sauya hanyar ban-ruwa, kashi 30 na ruwan ya tsira. A kan wannan lissafi ƙasashe da yawa suka gina shirye-shiryensu; Maroko, alal misali, a ƙarƙashin shirin noma da ta ƙaddamar a 2008, ta kai ga biyan cikakken kuɗin kayan ɗigo ga gonakin da ba su kai hekta 5 ba.

Sharuɗɗan da aka gindaya wa ƙungiyar su ne: hukumar za ta biya kashi 80 cikin 100 na kuɗin tiyon ɗigo da filta da tanki da famfo mai aiki da hasken rana, manomi ya biya kashi 20, kowane mai nema ya kawo takardar mallakar filinsa, kuma za a auna nasarar aikin da yawan hektar da aka shimfiɗa wa tiyo. Babu wani sakin layi a cikin yarjejeniyar da ya yi maganar yawan ruwan da za a ja, ko faɗin filin da za a noma, ko wanda zai ɗauki nauyin gyara bayan an kafa kayan.

Mambobi 31 ne suka cika sharuɗɗan, da hekta 48. Daga cikin 9 da suka rage, 6 haya suke yi ba su da takarda, 3 kuma ba su iya haɗa kasonsu ba. Waɗannan 9, masu hekta 12, su ne kuma masu rijiyoyin haƙar hannu mafiya gajarta a kwarin.

Shekara ta 2: kafa kaya da rahoton farko

An gama shimfiɗa tiyo kafin shukar rani, kuma abin da aka gani a wannan kaka ya faranta wa kowa rai. Ciyawa ta ragu saboda tsakanin layuka a bushe yake, aikin da mutum uku ke yi da fartanya suna buɗe hanya suna toshewa ya koma murɗa kan famfo, taki ya daina bin ruwa yana tafiya, amfanin gona kuma ya ƙaru. Kuɗin mai ya tashi daga wuyan mutum 31 gaba ɗaya.

Da yake babu mitar auna ruwa a kan rijiya ko ɗaya, malamin gona ya yi ƙiyasin ruwan da ake ja ta hanya mai sauƙi. Yakan ajiye duro mai cin lita 200 a bakin bututu, ya duba agogo. Idan duron ya cika a daƙiƙa 40, famfon yana ba da lita 5 a daƙiƙa ke nan, wato kubik mita 18 a awa, tun da kubik mita ɗaya lita 1,000 ce. Sai ya ninka da awannin da manomi ya ce ya kunna. Da wannan ya samu cewa hekta ɗaya ta ban-ruwan kunya tana cin kimanin kubik mita 9,000 a kaka, ta ɗigo kuwa 6,500. Jimillar abin da kwarin ke ja ta sauka daga 540,000 zuwa 420,000. Rahoton da aka aika ya ce an alkinta kashi 22 cikin 100 na ruwan, hukumar ta karɓa, ta saka aikin cikin waɗanda suka yi nasara, ta rufe fayil.

A ƙarshen daminar wannan shekara dattijon ya zura igiyarsa, ya samu ruwa a mita 21.8. Ya faɗa wa taron ƙungiya cewa ruwan bai daina janyewa ba, har ma ya ɗan fi na bara. Aka ce masa ƙasa ba ta amsawa a shekara guda, a ba ta lokaci.

Shekara ta 3 da ta 4: faɗaɗa gona

Kowane mai tiyo ya lura cewa famfonsa yana gama shayar da gona tun rana ba ta take ba, sauran yinin kuma farantan hasken rana na famfon suna nan suna shan rana a banza. A da kuɗin mai ne ke sa mutum ya kashe inji da zarar ƙasa ta jiƙe. Yanzu ƙarin awa ɗaya ko biyar bai cin komai daga aljihunsa. Ga kuma filayen gefen kwari, masu gangara da tsakuwa, waɗanda ruwan kunya ba ya iya hawa ko zama a kansu, amma tiyo yana kai musu ruwa ba tare da wahala ba. Da ribar shekara ta 2 aka sayi ƙarin tiyo. Kafin ƙarshen shekara ta 4 an buɗe sababbin hekta 25, filin noman rani ya tashi daga 60 zuwa 85. Wasu sun koma shuka amfanin da ya fi tsada ya kuma fi shan ruwa, wasu sun ƙara shuka ta biyu a tsakiyar zafi, lokacin da a da ake barin gona ta huta. Ba wanda ya karya wata doka ko sharaɗi a cikin wannan, kuma kowa yana ganin ruwan da ya rage masa ne yake amfani da shi.

A wannan tsakani ne kuma kayan suka fara nuna rauninsu. Ruwan rijiyoyin yana ɗauke da yashi mai laushi da farar ƙasa, filta kuwa tana bukatar a kwance a wanke ta a kai a kai, abin da aka nuna wa manoman sau ɗaya tak ranar da aka kafa. Wanda ya bi layi ɗaya daga farko zuwa ƙarshe zai ga da'irar danshi mai faɗin tafin hannu biyu a gindin shukar farko, ta goma da'irar ta ragu, ta ƙarshe kuwa ƙasa ce busasshiya da ganye a lanƙwashe, hudar tiyon ta toshe da wani farin ɓawo da farce ke kankarewa da ƙyar. Wasu sun ɗauki allura suka faɗaɗa hudojin, wasu suka cire filtar ɗungurungum don ruwa ya ƙara ƙarfi, kuma duka biyun sun lalata daidaiton rabon ruwan. Ɓeraye sun huda tiyo don neman sha. A wasu gonakin gishiri ya taru ya yi farin zobe a gefen inda ɗigon ke jiƙawa, domin babu yalwar ruwan da a da ke wanke shi zuwa ƙasa.

Igiyar ta nuna mita 23.1 a shekara ta 3, sannan 24.9 a shekara ta 4. A ranin shekara ta 4 rijiyoyi 7 na haƙar hannu suka ƙafe, 6 daga cikinsu na mutanen nan ne da tallafin bai kai gare su ba.

Shekara ta 5: matakan da ba su yi aiki ba

Matakin farko na kowa da kansa ne: masu hali suka ɗauko masu haƙa suka ƙara wa rijiyoyinsu zurfi, suka sauke famfo ƙasa. Wannan ya maido musu da ruwa, amma daga tulu ɗaya kowa ke sha, don haka rijiyoyin maƙwabta suka ƙara saurin janyewa. Rigima ta tashi tsakanin gidaje biyu da suka yi shekaru suna iyaka, har sai da shugabannin ƙungiyar suka shiga tsakani.

Mataki na biyu na ƙungiya ne. Aka yi taro aka amince kowa ya kunna famfo awa 5 kawai a rana. Yarjejeniyar ba ta kai wata biyu ba ta rushe, saboda dalilai biyu da magatakarda ya rubuta a littafinsa. Famfunan ba ƙarfinsu ɗaya ba, awa 5 na wani ya ninka na wani a yawan ruwa, sai masu ƙananan famfo suka ga an cuce su. Sannan babu mai iya tabbatar da awannin da maƙwabcinsa ya kunna, kuma da zarar zargi ya shiga, kowa ya ga babu dalilin da zai sa shi kaɗai ya ƙuntata wa shukarsa.

Mataki na uku shi ne rubuta sabuwar takardar neman tallafi, a wannan karon don haƙa burtsatse biyu masu zurfi na tarayya. Wata gidauniya da aka aika wa ta amsa cewa ba za ta duba buƙatar ba sai an yi mata lissafin ruwan da ke shiga kwarin da wanda ke fita, kuma ta ɗauki nauyin turo injiniyar ruwa ta yi mako uku a wurin. Igiyar a ƙarshen wannan damina ta nuna mita 26.5.

Lissafin da ya sauya fahimtar lamarin

Injiniyar ba ta kawo sababbin alƙaluma masu yawa ba. Na malamin gona ta ɗauka ta ƙara musu tambaya ɗaya, wato ina ruwan da shuka ba ta sha ba yake zuwa. A gaban taro ta zana lissafin a kan allo. A zamanin kunya, daga cikin kubik mita 9,000 da ake zuba wa hekta, kimanin 5,400 ne ke tafiya ta jikin shuka da tururi, kuma wannan shi ne ruwan da ya bar kwarin har abada. Ragowar 3,600, wanda rahoton farko ya kira asara, mafi yawansa nitsewa yake yi ta cikin yashi ya koma inda aka ɗebo shi, ko ya gangara ya ciyar da rijiyar na ƙasa. A ɗigo kuwa, daga cikin 6,500, kimanin 5,850 ne ke barin kwarin, domin shukar da ba ta taɓa jin ƙishi ba ta fi yawan ganye, ta fi shan ruwa, kuma daga nan ne ƙarin amfanin ya fito.

Da aka haɗa na kwarin baki ɗaya, sai ga shi kafin tallafi ana jan 540,000, ana ƙarar da 324,000. A shekara ta 2, wadda aka yi murnar an alkinta kashi 22, abin da aka ƙarar ya kai kusan 346,000, ya haura na da. Bayan faɗaɗa gona ana jan 582,500, ana ƙarar da kusan 492,000, ƙarin da ya wuce rabi, ba a ma saka shuka ta biyu a lissafin ba. Ruwan da ke da damar komawa ƙasa ya sauka daga 216,000 zuwa kusan 91,000. An ce da ta gama, dattijon mai igiya ya ce mata: “Malama, abin da igiyar nan take faɗa mana ke nan shekara huɗu, mu ne ba mu iya fassara shi ba.”

Ta kuma bayyana musu cewa ba a kansu aka fara ba. Wani bincike da Frank Ward da Manuel Pulido-Velazquez suka wallafa a 2008 game da kogin Riyo Garande a Amurka ya nuna cewa tallafin ɗigo na iya ƙara yawan ruwan da ake ƙararwa. Lisa Pfeiffer da Cynthia Lin sun samu a 2014 cewa a yammacin jihar Kansas sauya kayan ban-ruwa zuwa masu inganci ya zo da ƙarin jan ruwan ƙarƙashin ƙasa, saboda manoma sun faɗaɗa fili sun kuma koma amfanin da ya fi shan ruwa. Hukumar Abinci da Aikin Gona ta fitar da wani nazari a 2017 da ya kai ga irin wannan matsaya. Asalin lurar ma ta girmi ban-ruwan zamani, domin tun 1865 masanin tattalin arzikin Ingila William Stanley Jevons ya lura cewa injinan da suka fi tattalin kwal sun sa an ƙara ƙona kwal ne a ƙasar.

Daga Kansas ɗin ta kawo musu misali na biyu. A wani yanki na gundumar Sheridan, manoma da kansu sun amince daga 2013 kowace gona ta ja inci 55 na ruwa a cikin shekara biyar, wato kusan milimita 1,400, da niyyar rage kashi 20 cikin 100, hukumar jihar ta mayar da yarjejeniyar doka, kuma ragin da suka samu ya zarce wanda suka yi niyya.

Tallafi na biyu da yarjejeniyar rabo

Ƙungiyar ta janye buƙatar burtsatse ta sake rubuta wata. Tallafin da aka amince da shi bai kai rabin na farko ba, kuma an raba shi shekara huɗu, ana sakin kowane kaso bayan an kawo karatun mita da awon rijiya. Da shi aka sa mita a kan kowace rijiya mai aiki. Aka ɗauki matashi ɗaya aiki, ya karanta mitocin duk mako biyu, ya duba filta, ya riƙe ɗakin ajiyar kayan gyara. Aka gina shingayen duwatsu 9 a cikin ƙorama don rage gudun ambaliya ruwan ya samu lokacin nitsewa, mambobi suka ba da ƙarfinsu a matsayin nasu kason. Aka kuma sa wa hekta 12 da aka bari a baya tiyo, ba tare da neman takardar mallaka ba, shaidar ƙungiya ta wadatar, tare da haɗa masu ƙafaffun rijiyoyi da na maƙwabtansu ta bututu.

Sharaɗin da ya fi wuya shi ne iyakar ruwa. Injiniyar ta ba da shawarar kada kwarin ya wuce kubik mita 300,000 a shekara. Wata huɗu aka yi ana taƙaddama kan yadda za a raba: waɗanda suka faɗaɗa suna so a raba bisa hekta 85, sauran suna cewa yin haka tukuici ne ga waɗanda suka ƙafar musu da rijiya. A ƙarshe aka tsaya a kan hekta 60 na asali, kowace hekta 5,000 a shekara, daidai da milimita 500 na ruwa, tun da milimita ɗaya a kan hekta ɗaya kubik mita 10 ce. Mai sabon fili yana da 'yancin shimfiɗa kasonsa a duk faɗin da ya ga dama, amma ba za a ƙara masa ko ɗigo ba.

An kuma ba da kason ne a dunƙule, 25,000 na shekara biyar, domin wanda ya rage a shekarar yalwa ya samu abin da zai kare shukarsa a shekarar fari. Da a shekara-shekara aka raba, kowa zai yi ƙoƙarin ƙarar da nasa kafin ya wuce shi. Mamba na iya sayar wa wani ragowarsa a gaban magatakarda. Ana manna karatun mitocin kowa a jikin ɗakin ajiya inda kowa zai gani. Wanda ya wuce kaso a karon farko gargaɗi ne, na biyu a cire ninki biyu daga kasonsa na gaba, na uku a rufe famfonsa na wani lokaci. Akwai gonaki biyu manya a saman kwarin waɗanda ba na mambobi ba, kuma ƙungiyar ta ƙi sa hannu sai da hukumar ruwa ta yankin ta yi wa rijiyoyinsu rajista, ta ɗora musu mita da kaso, ta kuma dakatar da haƙa sabuwar burtsatse a kwarin.

Shekara ta 6 zuwa ta 8: abin da aka samu

A shekara ta 6 mambobi sun ja 318,000, sun wuce iyaka. An samu mita biyu da aka kwance da dare, aka hukunta masu su a bainar taro, kuma daga nan ba a sake samun irin haka ba. A shekara ta 7 an ja 287,000, a ta 8 an ja 281,000. Filin noman rani ya sauka daga hekta 85 zuwa 58. Shuka ta biyu ta tsakiyar zafi ta kusa ɓacewa, domin da mita a gaba manoma sun ga da idonsu cewa ita ce ta fi cin ruwa ta kuma fi ƙarancin riba. Da yawa sun fara lulluɓe gindin shuka da kara da busasshiyar ciyawa, suna tona ƙasa da hannu su dunƙula su ji danshinta kafin su kunna famfo, wasu sun koma irin da ke nuna da wuri. An ware ɗan kaso a kowace kaka don wanke gishiri a gonakin da ya taso.

Igiyar ta nuna mita 27.3 a shekara ta 6, da 27.7 a ta 7, da 27.8 a ta 8. Daminar shekara ta 8 ta fi yadda aka saba, don haka ba duk tsayawar za a jingina ga yarjejeniyar ba, kuma ba a iya raba gudummawar shingayen duwatsu da ta rage ja ba, tun da tare aka fara su. Kuɗin shigar waɗanda suka faɗaɗa ya ragu idan aka kwatanta da shekara ta 4, amma bai koma na zamanin kunya ba. Biyu daga cikin masu haya sun riga sun bar noma tun a shekara ta 5, kuma ba su dawo ba.

Hukunci

Tallafin farko ya cim ma abin da aka rubuta masa, ya kuma amfani waɗanda suka same shi ta fuskar amfanin gona da sauƙin aiki. Kuskurensa yana cikin abin da ya zaɓa ya ƙirga. Ya ƙirga hekta da tiyo, sannan ya ƙirga ruwan da ke fita daga bakin bututu, alhali abin da ke hukunta zurfin rijiya shi ne ruwan da ya bar kwarin bai dawo ba. Ya kuma cire kuɗin mai, wanda shi kaɗai ne takunkumin da ke kan famfo, bai sa wani a madadinsa ba. Ban ga laifin manomin da ya buɗe sabon fili ba, domin an ba shi kaya da ruwa kyauta ba a ce masa ga iyaka ba. Abin da ya fi damuna a lamarin shi ne sharaɗin takarda da na kashi 20, waɗanda suka bar mafiya rauni a waje, sannan rijiyoyinsu ne suka fara biyan kuɗin ribar da wasu suka ci, da kuɗin da aka bayar da sunan alkinta ruwa.

Tallafi na biyu ya yi tasiri ne saboda ya biya abubuwan da masu bayar da kuɗi ba su cika sha'awa ba, wato mita da albashin mai karanta ta da kayan gyara da wata huɗu na zaman sulhu. Yarjejeniyar awa 5 da ta kaso niyyarsu ɗaya, amma ta biyun ana iya auna ta, kowa na ganin awon kowa, hukuncinta hawa-hawa ne, kuma ta haɗa da waɗanda ke wajen ƙungiya. Irin waɗannan sharuɗɗa ne Elinor Ostrom, wadda ta samu lambar Nobel a 2009, ta gano a wuraren da jama'a suka daɗe suna kula da dukiyar tarayya. Tiyon ma a nan ya yi amfaninsa na gaskiya, domin da wuya a riƙe hekta 58 da kubik mita 281,000 ta ban-ruwan kunya. Da an sa mita da iyaka tun a shekara ta 1, kafin a shimfiɗa tiyo ko ɗaya, ina ganin da an yi rabon cikin sauƙi, tun ba wanda ya zuba dukiyarsa a sabon fili.

Ruwan yana mita 27.8, kusan mita 7 ƙasa da inda aka same shi ranar da aka cike takardar farko, kuma rijiyoyin nan 7 har yanzu a bushe suke. Kason ƙarshe na tallafi na biyu zai fita a shekara ta 9. Ƙungiyar ta sa a ajandar taronta na gaba shawarar karɓar ɗan kuɗi a kan kowace kubik mita don ci gaba da biyan mai karanta mita da sauya tiyon da ya tsufa, kuma har lokacin rubuta wannan nazari mambobin ba su kaɗa ƙuri'a a kanta ba.